Yadda Ake Dasa Bishiyar Tulip Poplar Har A Ga Furenta

Bishiyar da ake kira tulip poplar, wadda masana tsirrai ke kira Liriodendron tulipifera, asalinta gabashin Arewacin Amurka ne, daga kudancin Ontariyo a Kanada har zuwa Fulorida, kuma jihohin Indiyana da Kentaki da Tenesi sun ɗauke ta a matsayin bishiyar jiha. Sai ta sha sanyin hunturu take yin kyau, saboda haka zafin Kano ko Maraɗi ba nata ba ne. Kada kuma a rikita ta da tulip ɗin Afirka mai jan fure, wannan wata bishiya ce daban. Wannan bayani na mazauna Amurka da Turai ne masu fili.

A fara da wuri, domin nan ne aka fi yin kuskure. Bishiya ce da ke kai mita 25 zuwa 30 cikin sauƙi, kuma rassanta ba su da taurin kai, iska mai ƙarfi tana karya su. A ba ta aƙalla mita 10 daga gini da wayar lantarki da inda ake ajiye mota. Tana son rana sosai da ƙasa mai zurfi da danshi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Mai ƙaramin fili ya nemi irin da ake kira Arnold, wanda ke miƙewa siriri, ko Little Volunteer, wanda ba ya tsawo sosai.

Akwai dabara guda da mutane ke mantawa. Furen yana fitowa ne a saman rassa, can ƙololuwa, kuma launinsa ruwan ɗorawa ne mai kore-kore, da zobe ruwan lemo a gindinsa, sai ya ɓuya cikin ganye. Mutum zai iya wucewa ƙarƙashinta shekara da shekaru bai san tana fure ba, sai dai ya ga ɓurɓushi a ƙasa. Don haka a dasa ta inda tagar bene ke kallonta, ko a ƙasan gangare, sannan a bar mata rassanta na ƙasa kada a sare.

Mai son shuka daga iri ya tattara 'ya'yan a watan Oktoba ko Nuwamba idan sun bushe, ya shuka da yawa, domin galibinsu fanko ne. A haɗa su da yashi mai danshi cikin leda, a ajiye a firji mai sanyin kusan digiri 4 a ma'aunin Celsius na kwana 60 zuwa 90, sannan a shuka ba da zurfi ba. Amma bishiyar iri takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta yi fure. Wanda ba shi da wannan haƙuri ya sayi dashe mai aure, kamar yadda ake yi da mangwaro, ya fi saurin fure.

A yi dashen a watan Maris ko Afrilu, ba gab da hunturu ba. Saiwarta mai kauri ce da laushi, tana karyewa da wuri kuma tana jinkirin warkewa, don haka kada a kakkaɓe ƙasar da ke jikinta. Ramin ya ninka dunƙulen saiwar sau biyu ko uku a faɗi, amma zurfinsa daidai da nata. Idan aka binne wuyan bishiyar, ɓawon zai ruɓe a hankali. A mayar da ƙasar da aka haƙo, a ba da ruwa sosai, a shimfiɗa ɓawon itace ko busasshen ganye mai kaurin santimita 5 zuwa 8, ba tare da ya taɓa gangar jikin ba. Shekara biyun farko a riƙa shayar da ita sosai sau ɗaya a mako idan babu ruwan sama.

Idan ganye ya fara rawaya yana zuba a watan Yuli ko Agusta, yawanci ƙishirwa ce, ba cuta ba, ruwa take nema ba taki ba. Ɗayar matsalar darɓa ce, irin wadda manomin dawa ya sani: ƙananan ƙwari na tsotsar ganye suna zubar da ruwa mai danƙo, baƙar fumfuna ta hau kansa, duk abin da ke ƙasa ya yi kaca-kaca. A ƙaramar bishiya fesa ruwa da ƙarfi ko ruwan sabulun kashe ƙwari ya wadatar. Babba kuwa ba ta cika damuwa da su ba.

Fure yana buɗewa tsakanin Afrilu da Yuni, gwargwadon sanyin yankin. A guji fesa magani a lokacin, domin ƙudan zuma na cika bishiyar, kuma daga furen suke yin wata zuma mai duhu da aka sani a yankin tsaunukan Apalaciya. Mai son fure a ɗaki ya yanki ɗaya da safe, ya ɗora a kan ruwa cikin kwano.