Yadda ake nunar da ƙwan saniya a lab a haɗa shi da maniyyi lokacin zafi

Abu na farko da ya kamata mutum ya riƙe shi ne jikin saniya lafiyayya yana kan digiri 38.5 ne a ma'aunin Celsius, idan zafi ya kama ta yakan haura 40 har 41, kuma wannan ɗan bambancin na digiri biyu ya isa ya ɓata ƙwai. Toh duk aikin da za ka yi daga mayanka har inkubeta, wato akwatin ɗumi da ake renon ƙwan a ciki, tsaron wannan lambar ne.

Ka fara da saniyar kanta. Ƙwai ba rana ɗaya yake girma ba, jakar ruwan da yake ciki tana ɗaukar wajen kwana 40 kafin ta kai girman fashewa, shi ya sa ko iska ta yi sanyi za ka ga ƙwan da kake samu bai gyaru ba sai bayan wata ɗaya zuwa biyu. In daga saniya mai rai za a zuƙo ƙwan, a ba ta inuwa da ruwa, a riƙa yayyafa mata ruwa da fanka tun makonni kafin ranar, a yi aikin da sassafe. Irin saniyar ma yana da tasiri, masu tozo kamar Gir da Nelore da Brahman ƙwansu ya fi jure zafi a kan na Holstein, saniyar madara ta Turai, nesa ba kusa ba.

In kuma daga mayanka ne, a yanke gidan ƙwan da zarar an farke cikin, a sa a filas da ruwan gishiri mai kashi 0.9, ɗuminsa tsakanin 30 zuwa 35, a kai lab cikin 'yan awoyi. Don Allah kar a bar filas ɗin a mota a rana, ka sa ma'aunin zafi a ciki ka duba da idonka in an iso.

Sai zuƙa. Allura mai lamba 18 da sirinji, ka bi jakunkunan da faɗinsu milimita 2 zuwa 8, ka juye ruwan a kwalba ya kwanta, sannan ka duba a madubin lab mai ƙara girman abu. Ƙwai mai kyau za ka gan shi a lulluɓe da ƙananan ƙwayoyi aƙalla layi uku a manne da juna, cikinsa kuma launi ɗaya ba dabbare-dabbare ba. Lokacin zafi masu kyan suna ƙaranci, sai mutum ya ji kamar ya kwashe har da tsirarun don adadi ya cika, ni dai ban ga amfanin hakan ba, gara 20 nagari da 50 da za su ɓata maka lissafi.

Nunarwar, wato renon ƙwan har ya ƙosa ya iya karɓar maniyyi, ita ce wurin da aka fi asara. Ana sa ƙwan a ruwan reno mai suna TCM-199 da aka ƙara wa ruwan jinin ɗan maraƙi kashi 10 da sinadaran FSH da LH masu sa ƙwai ya nuna, a rufe da mai, a bar shi awa 22 zuwa 24 a digiri 38.5 da iskar kabon kashi 5 da laima sosai. Awa 12 na farko su ne mafi haɗari, a nan ne ƙwai yake jera zaren da ke raba ƙwayoyin gado, zafin 41 a wannan lokacin yana hargitsa zaren, yana raunata injinan ƙarfin da ke cikin ƙwan, yana kuma sa ya tsufa da wuri. Abin takaicin shi ne irin wannan ƙwan yakan karɓi maniyyi har ya rabu biyu kamar ba komai, sai kwana na bakwai ka ga bai kai ko'ina ba. Saboda haka kar ka yarda da lambar da ke fuskar inkubeta kawai, ka ajiye wani ma'auni daban a ciki, ka rage yawan buɗe ƙofa, ɗakin ya kasance da sanyi, a kuma tanadi wuta ta biyu. Da yawa suna ƙara sinadarin sistiyamin ko melatonin a ruwan don taimaka wa ƙwan ya kare kansa, yana ragewa amma ba ya dawo da abin da ya riga ya lalace.

Maniyyi kuwa, a narkar da daskararren a ruwan digiri 37 na daƙiƙa 30, a tace da ruwan tacewa mai suna Percoll a ware ƙwayoyin maniyyi masu motsi, a sa kamar miliyan ɗaya a kowace mililita tare da hefarin, sinadarin da ke shirya su shiga ƙwai, a bar su da ƙwan awa 18 zuwa 20. A tuna bijimin da zafi ya buga shi ma maniyyinsa sai ya yi kusan wata biyu kafin ya dawo daidai, don haka a tambayi lokacin da aka ɗebe shi.

Daga nan a wanke ƙwan, a mayar da shi wani ruwan reno mai suna SOF, a rage iskar oksijin zuwa kashi 5. A duba rabuwa bayan awa 48, a ƙirga 'yan tayin a kwana na 7 zuwa 8, in komai ya tafi daidai kashi 30 zuwa 40 na ƙwan ake sa rai su zama 'yan tayi. Ɗan tayi mai ƙwaya biyu zafi yana kashe shi da sauƙi, amma in ya kai kwana bakwai ya yi ƙwari, shi ya sa dasa shi a mahaifa lokacin zafi ya fi ba da ciki a kan ɗura wa saniya maniyyi. In da hali ma a tara 'yan tayi a watannin sanyi a daskarar, a dasa su idan zafi ya shigo.