Yadda ake samar wa na'urar da ke nesa adireshin IP tsayayye

Manomin da ya kafa kyamarar tsaro ko famfon sola mai aiki da layin waya a gonarsa ta Wurno ko Goronyo yakan tarar cewa daga cikin Sakkwato ba ya iya shiga na'urar. Dalili kuwa shi ne kamfanonin waya sukan tara masu layi da yawa a bayan adireshin IP ɗaya (lambar da ake gane na'ura da ita a intanet), tsarin da ake kira CGNAT, kuma adireshin kowane layi yana sauyawa.

Da farko a buɗe shafin rauta, wato na'urar da ke ɗauke da layin tana raba intanet, a duba adireshin da layin ya samu. Idan lambar da ke gaban ɗigon farko 10 ce, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to na'urar tana bayan wannan shinge, kuma DDNS, wato tsarin da ke haɗa suna tsayayye da adireshi mai sauyawa, ba zai magance matsalar ba, kada a ɓata kuɗi a kansa.

Daga nan sai a tuntuɓi sashen 'yan kasuwa na kamfanin, a nemi layi mai adireshi tsayayye na fili, a rubuta a cikin rautar sunan APN ɗin da suka bayar, wato saitin da layi ke shiga intanet da shi, ba tare da kuskuren harafi ko ɗaya ba. In kuɗinsa ya yi nauyi, hanyar da na fi aminta da ita ita ce a yi hayar ƙaramar saba a intanet, wato kwamfuta mai adireshi tsayayye da za a riƙa bi ta cikinta zuwa na'urar, a sa rautar ta riƙa haɗuwa da ita ta WireGuard, manhajar da ke buɗe amintacciyar hanya tsakanin na'urori biyu, tana aika saƙon riƙe hanya duk bayan daƙiƙa 25.

Lallai a sauya kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita. A kuma ajiye rautar a inuwa, domin zafin Afrilu a nan yakan haura digiri 40.