Kafin ka ɗaura tirela a bayan mota mai ɗaki

Tun da na sayi motar nan mai ɗakin kwana a Amurka, ban taɓa tsorata ba kamar ranar da tirelata ta fara lilo a hanyar Arizona. Kaya na jibge a bayanta.

Ɗan'uwa, ka sa masu nauyi gaban ƙafafun tirelar, yadda kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta zai sauka kan mahaɗarta da motar. Sarƙoƙin tsaro biyun da ke haɗa tirelar da motar, ka gitta su a ƙarƙashin mahaɗar. In lilo ya fara, kada ka taka birki da ƙarfi, ɗaga ƙafa daga totur sannu a hankali.

Taya kuwa, lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefenta su ne mako da shekarar ƙira. Ni dai tana kai shekara 6 nake canzawa, ko zanenta bai cinye ba.