Darasi na Tara: Ƙofar da Gishiri Ba Ya Shiga Sai da Sukari

A ajinmu na yamma wata uwa ta taɓa tare ni da tambaya. Ta ce, "Malam, yaron da gudawa ta tsotse wa ruwan jiki, ai ruwa yake so. Me ya kawo sukari da gishiri cikin maganar?" Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana can cikin bangon hanji, inda ido ba ya kaiwa.

An gina jikin mutum da ƙwayoyin halitta ƙanana ƙwarai, sai da madubin likita ake ganinsu. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da wani tantani siriri mai maiƙo. Ku zuba man gyaɗa a kwanon ruwa ku gani, kome juyawar da kuka yi, man zai koma ya taso sama. To, haka wannan tantanin yake da duk abin da ke narkewa a ruwa. Iskar da muke shaƙa tana ratsa shi salin alin, amma gishiri da sukari, ko kusa.

Ta ina suke shiga ke nan? Ku tuna ganuwar birnin Kano a da. Ba a haurawa ta sama, sai a bi Ƙofar Mata ko Ƙofar Nasarawa, kuma kowace ƙofa da sarkinta. Ita ma ƙwayar halitta tana da ƙofofi a jikin tantaninta, an yi su da furotin, kuma kowace ƙofa ta san kayanta. Wata kamar lungu take, abu ya bi ya wuce, irin ƙofar ruwa da wani likitan Amurka, Peter Agre, ya bayyana aikinta a 1992. Wata kuma kamar ɗan dako, sai ta rungumi kaya a wannan gefe, ta juya ta sauke a wancan.

Akwai ta uku, wadda aikinta ya yi kama da injin ban ruwa a fadama: tura ruwa take daga kwari zuwa tudu, saboda haka sai ta sha mai. Man nata shi ne ƙarfin abincin da muka ci. Gishiri in ya narke rabuwa yake biyu, sodiyam da kuloraid. Wannan injin, dare da rana, yana fitar da sodiyam uku daga cikin ƙwaya yana shigo da fotasiyam biyu, wani sinadari ɗan'uwan sodiyam. Wani masani ɗan ƙasar Danmak, Jens Skou, ya gano shi a 1957 a jijiyar ƙaguwa, sai bayan shekara 40 aka ba shi kyautar Nobel a kai.

Ku riƙe wannan da kyau, don nan gizo ke saƙar. Tunda injin yana ta kwashe sodiyam daga ciki, cikin ƙwayar ya zama kwari, wajenta ya zama tudu. Sodiyam ɗin da ke cikin hanji a matse yake ya gangara ciki. A bangon ƙaramin hanji kuwa akwai wata ƙofa mai sharaɗi. Ba ta juyawa sai sodiyam biyu sun zo tare da ƙwayar sukari ɗaya, irin sukarin da ake kira gulukos. Gishiri ya zo shi kaɗai, ta ƙi. Sukari ya zo shi kaɗai, ta ƙi. Sukarin shayi da muke saya a shago ma yana yi, domin hanji yana fasa shi ya fitar da gulukos daga ciki.

Shi ruwa kuwa ɗan rakiya ne, inda gishiri ya nufa nan yake bi. Ku yanka gurji ku barbaɗa masa gishiri, ku ba shi minti 10, za ku tarar da ruwa kwance a faranti. Haka in gishiri da sukari suka shige jiki, ruwa ya bi bayansu zuwa jini.

Cutar kwalara, wato amai da gudawa, da ƙofa take ɓarna. Gubarta tana sa ƙofar kuloraid ta tsaya a wangale, gishirin jiki ya riƙa kwarara cikin hanji, ruwa na biye, har bayan gida ya koma kamar ruwan wankin shinkafa. Amma cikin ikon Allah ba ta lalata waccan ƙofa mai sharaɗi. Wani masani ɗan Amurka, Robert Crane, ne ya bayyana yadda ƙofar ke aiki a wani taro a birnin Prague a 1960. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ledar ƙarin ruwa ta ƙare. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a manyan durom, dangi suna bai wa marasa lafiya da kofi. Masu mutuwa suka ragu daga kusan 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4.

Yanzu ga aiki. Mafi kyau shi ne ƙunshin ORS, wato garin haɗin gishiri da sukari na asibiti ko kemis, domin yana da fotasiyam, kuma an auna kome daidai. A bi adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, a wanke hannu da sabulu, a sami ruwa mai tsabta lita 1. Ruwan leda biyu masu santilita 50 lita ɗaya ne. A zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6, gishiri rabin cokali. A shafe bakin cokalin, kada ya yi tozo. A dama har ya narke, a ɗanɗana. In ya fi hawaye gishiri, a zubar a sake.

A nan na fi ganin kuskure, kuma tausayi ke jawo shi. Uwa ta ga yaro yana yamutsa fuska, sai ta ƙara sukari, ko ta sayo masa lemon kwalba. Ƙofofin nan suna da iyakar abin da za su ɗauka. Sukarin da ya rage a hanji shi ma janyo ruwa yake daga jiki, sai gudawar ta ƙaru. Gishiri in ya yi yawa kuwa haɗari ne ga yaro.

Yaron da bai kai shekara 2 ba, a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowace gudawa, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Kada a tsayar da nono ko abinci. A nemi ƙwayar zinc a ba shi kwana 10 zuwa 14 yadda ma'aikacin lafiya ya faɗa. Haɗin da ya kai awa 24 a zubar. In ido ya zurma, ko maɗiga ta faɗa, ko an ga jini a bayan gida, ko yaro ya kasa sha, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, ana ba shi haɗin a hanya in yana iya haɗiya.

Mako mai zuwa kowa ya zo da ƙaramin cokalin da yake amfani da shi a gida. Za mu gwada su da cokalin awo mai mililita 5, domin wani cokalin ya kusa ninka wani. Kafin nan, kowa ya rubuta a littafinsa sau uku: ruwa lita 1, sukari cokali 6, gishiri rabin cokali.