Ku daina yarda da sunan da ke jikin leda

Jama'a, musamman iyaye, ga shawara kan wiwin da samari ke kira OG Kush. Kush ɗin daga tsaunukan Hindu Kush na Afganistan da Pakistan aka aro shi, amma labarin da ya fi yawo shi ne a Fulorida ta Amurka wiwin ta ɓulla farkon shekarun 1990, daga baya aka kai ta Los Anjalis. OG ɗin kuwa har yau ana musu a kansa: wasu su ce take ne na ƙwararren ɗan daba, wasu su ce ai nufinsa an noma ta kusa da teku.

Babu hukumar da ke tantance waɗannan sunaye, kowane dila laƙaba abin da zai ja ciniki yake. A 2015 masu bincike a Kanada sun gwada ƙwayoyin halittar ire-iren wiwi, suka tarar sau da yawa sunan da aka laƙaba wa wiwi bai dace da asalinta ba.

Don haka in kun tsinci 'yar leda mai ƙyalli a aljihun yaro, kar ku tsaya karanta suna. Wata ma ganye ne aka fesa wa sinadari, irin wadda ake kira Kolorado da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ke kamawa. In ya sha ya fara amai ko sambatu, ku garzaya asibiti da shi, ku tafi da ledar likita ya gani.