Yadda za ka nemi taimako in aikin gida na fiziks ko furobabiliti ya ƙi ci

Ƙannena 'yan SS1 zuwa SS3, musamman ku da ke makarantun jeka-ka-dawo a ƙauyukanmu na wajen Ringim da Taura da Garki, kusan kullum sai wani ya turo min hoton tambaya a WhatsApp ya rubuta "Yaya dan Allah amsa" shikenan, ba sallama ba bayani. Ina so in taimaka wallahi, amma in na ba ka amsa ka kwafa ka kai wa malam, ranar WAEC ko NECO wa zai zauna kusa da kai? Toh bari in gaya muku yadda ake yi.

Kafin ka nemi kowa, zauna da tambayar ko da minti 15 ne. Ɗauki biro ka rubuta abin da aka ba ka a gefe ɗaya, abin da ake nema a ɗaya gefen, sannan ka yi zane ko da bai yi kyau ba. Misali an ce an saki dutse cikin rijiya ya ɗauki sakan 2 kafin ya taɓa ruwa, nawa ne zurfinta? An ba ka lokaci, 2. Gudun farko sifiri ne tunda sakinsa aka yi ba jefawa ba, kuma nan ne yara da yawa ke faɗuwa don ba a rubuta sifirin a tambayar ba, kalmar "saki" ce ke ɗauke da shi. Janyowar ƙasa kuma 9.8 ce amma yawanci a jarrabawa za a ce ka ɗauki 10. Fomular zurfin ita ce rabin janyowar ƙasa sau lokaci sau lokaci, sai ka ce rabin 10 sau 2 sau 2, ya ba ka mita 20. In ka samu mita 2000 ka tsaya ka tambayi kanka, ka taɓa ganin rijiyar da igiyar gugarta ta kai kilomita 2 a garinku?

Ka kuma duba ma'auni tun kafin ka taɓa kalkuleta. Babur mai gudun kilomita 72 a awa, a fomula mita 20 ne a sakan, raba shi za ka yi da 3.6. Da yawan tambayoyin da ake kawo min da "na yi na yi bai fito ba" matsalarsu ke nan kawai, ko giram da ba a mayar kilogiram ba.

Furobabiliti kuwa, wato lissafin yiwuwar faruwar abu, abin da na gani yana wahalar da yaranmu ba lissafin ba ne, kayan da ake misali da su ne. Za a ce an zaro kati ɗaya daga karta, yaro bai taɓa riƙe irin wannan kartar ba kuma yana jin kunya ya tambaya. To ku riƙe: guda 52 ce, gida 4, kowane gida 13, rabi ja rabi baƙi. Dayis kuma irin na lido ne, fuska 6. In an jefa biyu, hanyoyi 36 ne za su iya faɗowa, kuma guda 6 daga ciki ne ke haɗuwa su ba da 7, wato 6 bisa 36, ɗaya bisa 6. Wani dattijo ya taɓa ce min ai wannan koyar da caca ne. Gaskiya ne asalin fannin daga wasiƙun da wasu masana lissafi biyu, Pascal da Fermat, suka yi wa juna ne a Faransa a 1654 kan yadda za a raba kuɗin wasan da aka katse, amma yau da shi ake hasashen damina da gwajin magani, manomi ma yana cin moriyarsa.

In ta rikice maka, mayar da ita abin da ka sani. Goro 5 a aljihu, 3 fari 2 ja, ka zaro biyu ba tare da mayarwa ba, yiwuwar duka su zama fari 3 bisa 5 ne sau 2 bisa 4, ya ba da 3 bisa 10. In ana mayarwa kuwa 3 bisa 5 sau 3 bisa 5 ne, 9 bisa 25. Ka nemo goron ko tsakuwa ka gwada da hannunka. Kuma duk amsar da ta wuce 1 kuskure ce, kar ma ka kai wa kowa.

Yanzu in duk ka yi wannan ka maƙale, sai neman taimako. Fara da malaminka, amma ba ana cikin darasi ba, same shi lokacin tara ko bayan an tashi, ka gaishe shi ka ce "Malam, na kawo nan ne na rasa me ya sa aka sa sifiri", ka nuna masa takardar da ka ɓata. Malami in ya ga ka yi ƙoƙari ba ya korar ka. Na san akwai makarantun da babu malamin fiziks ɗin ma gaba ɗaya, abin yana ci min rai, a nan sai ka nemi ɗan bautar ƙasa da aka turo ko da lissafi yake koyarwa, ko yayyenku da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko ta Kafin Hausa ko ta kimiyya da ke Wudil, da waɗanda ke makarantun kimiyya irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu in sun dawo hutu. 'Yan mata, in zuwa wajen wani zai yi wuya ku haɗu ku uku ko huɗu a gidan ɗaya daga cikinku bayan la'asar, wadda ta gane ta yi wa sauran bayani da Hausa.

In ta waya za ka tambaya, ɗauki hoton tambayar gaba ɗayanta da rana yadda za ta karantu, ka haɗa da hoton aikinka, ka faɗi ajinku da layin da ka tsaya. Ranar kasuwa in ka kai caji inda sabis ke da ƙarfi, sauke bidiyon shafin koyarwa na Khan Academy kan abin da kuke yi a aji, kyauta ne sai dai data, akwai kuma shafin gwaje-gwajen kimiyya na PhET na Jami'ar Colorado a Amurka da za ka ja abu ka saki ka ga yadda yake faɗuwa. Manhajojin nan masu amsa tambaya su ma suna da amfani amma suna yin kuskure da cikakken ƙarfin hali, don haka ka ce ta yi maka mataki-mataki, kai kuma ka bi kowane layi da kalkuleta.

Duk wanda ya warware maka, in ka koma gida rufe takardarsa, canza lambobin, sakan 2 ya zama 3, goro 5 ya zama 7, ka sake yi kai kaɗai. Ta rijiyar ya kamata ta ba ka mita 45, in ba ta ba ka ba turo min hoton aikin in ga layin da ka kauce.