Yadda Ake Gano Adireshin MAC na Kwamfuta

Kowane katin sadarwa a kwamfuta yana da lambar shaidarsa, wato adireshin MAC. Haruffa da lambobi 12 ne, biyu-biyu, kamar 3C-52-82-1A-7F-04.

A Windows, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta cmd, ka danna Enter. Baƙin allo zai buɗe. Rubuta getmac /v, ka sake danna Enter.

Nan ake rikicewa, domin layi zai fito fiye da ɗaya. Duba sunayen da ke hagu: in da Wi-Fi kake hawa intanet, ɗauki lambar layinsa, in da kebul ne, ta Ethernet. Tana ƙarƙashin Physical Address.

Kwafe ta a tsanake. Haruffan daga A zuwa F kaɗai ne, abin da ya yi kama da O sifili ne.